Abin da Zulfa Ta Faɗa a Korgom

Duk wanda ya san teyatur, wato wasan kwaikwayo, a Tasawa ya san ƙungiyoyi uku ne ke ja da juna, kuma ya san biyu daga ciki ba su kai mutum ya bar sana'arshi ya tsaya kallo ba. Akwai ta ƴan lakwal, wato makarantar boko, masu haddace Faransanci su zo su zuba wa jama'a kamar ana karanta sanarwa. Akwai ta ƴan rediyo, masu daɗin murya, amma in suka hau dandali sai su rasa inda za su sa hannuwansu. Sai kuma Madubi, ƙungiyar Mushe Bature, wadda in ta ɗaura labulenta a bakin kasuwa har mai tsire sai ya manta da naman da ke kan wuta.

Mushe Bature tsohon malamin lakwal ne, shi ya sa ake ce mashi Mushe, wato malam da Faransanci, shekara takwas ke nan da ajiye alli. Abin mamaki, mutumin da ya ƙare rayuwarshi cikin takarda, ya hana takarda shiga ƙungiyarshi. Ba a rubuta wasa a Madubi. Zama yake yi a gindin bedi, itacen dogon yaro, na gidan matasa, ya ba su labarin a dunƙule, ya ce, "Ni ƙashi nake ba ku, nama kowa ya nemo nashi." Dokokinshi biyu ne. In an ba ka mutum ka kwaikwaya, ka je ka zauna da irinshi har ka ji warin jikinshi. In kuma kana dandali abokin wasanka ya jefo maka magana, ko ba ka taɓa jin ta ba, ka cafe ka mayar. Wanda ya tsaya yana kallon ƙasa, ranar sai ya gwammace bai zo duniya ba.

Bana da aka gama girbi wasa uku suka shirya. Akwai na ban dariya, na ɗan kabu-kabun da ya sayi moto, wato babur, marar birki. Akwai na rigakafi, wanda wani furoje, irin ƙungiyoyin nan na agaji, ya nema. Sai babban, wanda Mushe ya ɗora wa rai, mai suna Burtali, wato hanyar shanu tsakanin gonaki, kan rikicin manoma da makiyaya. Za a fara shi a Tasawa, a kai shi Baudeta, a kai shi Korgom, sannan a shiga da shi gasar da za a yi a Mayahi.

A Burtali ne aka ba Zulfa uwa.

Zulfa tela ce, shagonta na bayan tasha, shekara goma sha biyar tana Madubi. Duk tsawon shekarun nan masifaffiyar mai ƙosai take fitowa, ko dillaliya mai ƙarya, har ta kai ko gidan gaisuwa ta shiga sai ka ga mata na danne dariya da gefen mayafi. Abin na ci mata rai, ba ta dai faɗa. Ranar da Mushe ya ce ita za ta fito uwar makiyayin da aka kashe, sai da ta koma shago ta rufe ƙofa ta yi hawayen murna.

Ran gwajin farko ta zage. Ta faɗi ƙasa, ta yi birgima, ta ɗora hannu a ka tana kururuwa tana kiran sunan ɗan. Ƴan ƙungiya suka tafa. Mushe ko gezau.

"Kin gama?" ya ce. "To, tashi ki kakkaɓe. Wanga kukan matar bayan tasha ne. Bafillatana na ba ki, kuma ɗan fari aka kashe mata. Ko sunanshi ba ta faɗi yana raye, balle ya mutu ta hau kiranshi a gaban maza. Tahi ki nemo ta."

Ba ta sha wahalar tunanin inda za ta ba. Asalinsu ƴan wani ƙauye ne kusa da Korgom, ana ce mashi Tudun Gawo, kuma tun tana ƙarama shanun wata ruga ke sauka gonar babanta da rani. Inna Maryamu ta rugar nan ƙawar marigayiya uwarta ce, ta goya Zulfa ba sau ɗaya ba. Shekara uku da suka wuce, ana gab da girbi, aka tsinci babban ɗanta Alkasim a bakin burtali da sara a wuya. An yi bincike, an yi zaman sulhu, ba a san wanda ya yi ba. Ɗa ɗaya ya rage mata, Yasin.

Zulfa ta hau kabu-kabu zuwa Korgom, ta ƙarasa a amalanke. Inna Maryamu ta tarbe ta da nono mai sanyi, ta ji abin da ya kawo ta, ta ce, "Wasa? To, ɗiyata, zauna ki gani. Ni dai ban san abin kallo a jikina ba."

Kwana uku ta yi, kuma ta ga abin kallo. Ta ga yadda tsohuwar ke tatsa ba ta magana. Ta ga in an ambaci Alkasim sai ta ce "yayan wancan", ta sunkuya ta hau gyara murfin ƙwaryar da ba abin da ya same shi. Ta ga in Yasin ya kora shanu da safe, uwar ba ta kallonshi sai ya ba da baya, sannan ta bi shi da ido har ya ɓace. Yasin dogo ne, shekararshi ashirin da huɗu, mai ladabi, Yaya Zulfa yake ce mata. Sau ɗaya ta yi mashi zancen wanshi. Ya yi murmushi, ya ce, "Allah bai nuna mini mutumin ba tukuna." A hankali ya faɗe ta.

Rana ta uku suka shiga Tudun Gawo ɗibar hatsi. Makiyaya ba su yawo da rumbu, kowane gida na da amintacce cikin gari wanda ke riƙe masu gero in sun yi nisa da shanu. Na su Inna Maryamu shi ne Malam Danda, dattijo mai furfura, rumbunsu na bayan ɗakinshi shekara ashirin. Ya fito da fara'a. Inna Maryamu ta durƙusa ta gaishe shi, ta ba matarshi man shanu. Ya tambayi labarin Yasin, ya ce a gaya mashi ran kasuwa tuwonshi na nan kamar kullum.

A hanyar komawa, da suka wuce gonakin gari, tsohuwar ta sauke kayanta, ta shiga bayan wata sabara. Zulfa ta ji tana amai. Ta fito tana goge baki, ta zauna a ƙasa.

"Inna, ba ki da lafiya ne?"

"Duk ran da na gaishe shi haka nake yi."

Zulfa ba ta gane ba. Tsohuwar ta ci gaba.

"Kin ce kina so ki san abin da ke cikina. Da rai na sami yayan wancan, ɗiyata. Ni na fara isa. Maruƙa biyu ne suka faɗa waken mutumin, ya shiga fitar da su, mutumin ya zo da gatari. Ya ce mini, Inna, mai riƙe mana rumbu ne. Daga nan bai ƙara cewa komai ba."

"Innalillahi! Malam Danda? Inna, kika yi shiru? Jandarma fa?"

"Kafin jandarma su tada mota, wancan ya ji. In ya ji zai kashe, in ya kashe za a kashe shi. Na ba ƙasa ɗaya, ba zan ba ta na biyu ba. Shi mutumin bai san na sani ba, shi ma ya kawo likkafani. In na ɗauke hatsina daga gidanshi, yaron zai tambaye ni dalili. Shi ya sa nake durƙusa mashi, nake barin ɗana ya ci tuwonshi." Ta ɗago ta dubi Zulfa. "Shekara uku ban gaya wa mai rai ba, yau ya fi ƙarfina. Uwarki na gani a fuskarki. Wannan ba na wasanku ba ne, kin ji ko?"

Zulfa ta rantse da Allah, ta rantse da kabarin uwarta, tana kuka kamar ita aka yi wa mutuwar. Kuma har zuciyarta ta rantse, wannan kam ba mai ƙwace mata.

Da za ta tafi, tsohuwar ta ara mata zanenta baƙi na saƙi da ƙwarya guda, tun da ta ce kayan wasan nasu ba su yi kama da na ruga ba.

Wata Zulfa ce ta dawo Tasawa. A gwaji, da aka shigo da gawa, ba ta yi kuka ba. Ta tsaya, ta dubi ƙafafun gawar, ta sunkuya ta hau gyara murfin ƙwarya. Mushe Bature ya cire tabarau ya goge, ya ce, "Voilà, shi ke nan. Kada ki ƙara komai, kada ki rage."

A Tasawa mata suka yi ta sharɓe, har da waɗanda suka zo da niyyar dariya. A Baudeta wani tsohon makiyayi ya ratso jama'a ya ajiye mata goro a ƙwarya. Zulfa ta ji daɗin da ba ta taɓa ji ba, ga shi kuma tsoro na cin ta, don Korgom ke gaba. Ta sami Mushe ta ce ko a tsallake Korgom, ko wata ta karɓe ta ranar.

"Don mi?"

"Mutanena ne, Mushe. Kunya nake ji."

"Kunya! Shekara goma sha biyar kina zagin maza da ludayin ƙosai, yau kika san kunya? Korgom ce ma tushen wasan. Allez, tahi ki huta."

Ba ta da abin da za ta ce mashi wanda ba zai fasa rantsuwarta ba. Ta lallashi kanta da cewa a labarin Mushe uwa gawa take tararwa, kuma taron mutane ne suka yi kisan, ba a san hannun kowa ba. Babu ƙofar da maganar za ta fito.

Ta manta da Harisu. Harisu mai gyaran waya ne, shi ke fitowa ƙanen mamaci, yaro mai baiwa da son a tafa mashi. Tun Baudeta yake gunaguni wai shirun Zulfa ya cinye mashi wasa, yana ta zuba magana mutane na kallon wadda ba ta cewa komai. Bai san komai ba game da Tudun Gawo, wallahi bai sani ba. Tafi kawai yake nema.

Ran kasuwar Korgom suka ɗaura labule tsakanin motar ƙungiya da wata bishiya, bayan la'asar, lokacin da ciniki ya fara sanyi. Jama'a ta taru har kan amalanke. An jera wa dattawa benci a gaba, kuma ta ɓular labule Zulfa ta hango Malam Danda a benci na biyu, da carbi a hannu. Makiyaya na tsaye daga baya, Yasin a cikinsu, ya gicciya sanda a kafaɗa. Can gefe, wajen masu nono, Inna Maryamu na zaune bayan ƙoranta.

Zulfa na fitowa aka fara ƙus-ƙus. Kowa a nan ya san zanen, ya san ƙwaryar, ya san kwana ukun da ta yi a ruga. Wata mata ta ce da ƙarfi, "Kai! Inna Maryamu sak!"

Wasa ya tafi daidai har aka binne gawa. Saura fitowa ɗaya, inda ƙane zai ce zai rama, uwa ta riƙe mashi sanda, maigari ya zo a yi sulhu. Sun yi ta sau ashirin. Harisu ya shigo, ya yi rantsuwarshi, Zulfa ta riƙe sandar. Maimakon ya sake ta, sai ya zube a gabanta ya kama ƙafafunta.

"Inna, an gaya mini ke kika fara isa. An ce da rai kika same shi! Mi ya ce miki?"

Wannan ba ya cikin labari. Zulfa ta girgiza kai, ta ja ƙafa. Harisu ya ga jama'a ta matso, ai sai ya ƙara wuta.

"Ki dube ni, Inna! Nonon da na sha ne nake roƙon ki da shi. Wa ya kashe mini ɗan'uwa? Kin sani, na gani a idonki!"

"Gaya mashi!" wani ya yi ihu daga kan amalanke. "Gaya mashi mana, baiwar Allah!"

Ta nemi ƙarya. Wallahi ta nema. Ta nemi ko wane suna, ko wace magana, ta ce ɓarayi ne, ta ce baƙi ne, kanta fayau babu komai. Ta gefen ido tana ganin Mushe a bakin labule yana murza yatsu, alamar cafe, cafe. Shekara goma sha biyar bakinta bai taɓa barin magana ta faɗi ƙasa ba. Kuma wata guda ke nan ba Zulfa ke kwana cikin jikinta ba, tsohuwar ce, da abin da ke cikin tsohuwar duka. Niyyarta ta hana shi, ta ce ba za ta faɗa ba. Haka kuwa ta fara.

"Ba zan gaya maka ba," ta ce, da muryar da ba tata ba. "Ko za ka yanka ni ba zan gaya maka ba. Na ba ƙasa ɗaya, ba zan ba ta na biyu ba. Ka bar ni in ci gaba da durƙusa mashi. Ka ci tuwonshi ran kasuwa, ka ɗebo mana hatsinmu a bayan ɗakinshi, ka dawo mini da ranka. Abin da nake so ke nan."

Kasuwa ta yi shiru, har kukan akuya ana ji daga can kara, wajen sayar da dabbobi. Sai salati ya ɓarke, sai tafi, tafin da Madubi ba ta taɓa samu ba. Harisu na durƙushe baki buɗe don daɗi. Mushe na share hawaye da hularshi.

Sai a lokacin Zulfa ta ji abin da ta faɗa.

Ta dubi benci na biyu. Carbin Malam Danda na ƙasa tsakanin ƙafafunshi, bai sunkuya ya ɗauka ba. Ta dubi baya. Yasin ya sauke sandar daga kafaɗa. Ba ita yake kallo ba, ba Danda ba, uwarshi yake kallo.

Abin da Inna Maryamu ta yi, Zulfa ba za ta manta da shi ba har ta mutu. Tsohuwar ta miƙe, ta ƙyalƙyale da dariya. Dariya mai ƙarfi, har da tafa hannu, matar da ko murmushinta sai an yi sa'a. Ta ratso mutane tana dariyar nan har gaban benci, ta durƙusa.

"Malam Danda, ka ji ƴan wasa da iya ƙarya! Kwana uku na ba ta nono, ta zo tana sa mini magana a baki. Ina gajiya? Ina iyali?"

"Lafiya lau," in ji Danda.

Wanda ke fitowa maigari ya shigo ya yi sulhunshi, ba wanda ya saurare shi. Ana sauke labule Zulfa ta kutsa cikin jama'a, mata na riƙe ta suna sa mata albarka, tana fizgewa. Ta iske Inna Maryamu da Yasin a wajen masu nono, uwa na ɗaure ƙore tana ta surutu, ɗan na tsaye a kanta.

"Inna," ya ce a hankali, "shekara uku ban ji dariyarki ba."

"To, ba abin dariya ba ne? Ɗauki wannan mu tahi."

Zulfa ta kama hannun rigarshi. "Yasin, don Allah ka ji ni. Ƙirƙira na yi. Haka muke yi, ba a rubuta mana, abin da ya zo baki shi muke faɗi. Wallahi Inna ba ta..."

"Na sani, Yaya Zulfa," ya ce, har da ɗan murmushi. "Ai wasa ne. Kin iya ƙwarai."

Inna Maryamu ba ta dube ta ba. Ta ɗora ƙoranta a ka, ta bi bayan ɗanta.

A mota Zulfa ta fashe, ta gaya wa Mushe komai, tun da abin da take ɓoyewa ya riga ya fita. Harisu ya haɗa kai da gwiwa yana cewa, "Ni ban sani ba, ni ban sani ba," har sai da aka daka mashi tsawa. Washegari da sassafe Mushe ya hau moto ya koma, ya sami maigarin Tudun Gawo a keɓe. Maigari ya kira Danda ya ce ya tafi wajen ɗanshi a Maradi ya kwana biyu. Danda ya ƙi. Ya ce shi bai yi wa kowa komai ba, kuma in ya bar gari saboda maganar ƴan teyatur, ai ya amsa ke nan. Jandarma suka ce ba su kama mutum don abin da aka faɗa a wasa, ba su kuma tsare wanda bai yi komai ba tukuna.

Kwana ɗaya, biyu, huɗu, shiru. Aka ce an ga Yasin na kiwo kamar kullum. Aka ce har ya shiga gari ya gaida Danda. Zulfa ba ta ci, ba ta ɗinki, tana zaune gaban keke da waya a hannu. Ran na biyar ta fara ce wa kanta wataƙila dariyar tsohuwar ta yi aiki. Mutum in yana so ya yarda da abu, ba ya rasa dalili.

Ran na shida suka tafi Mayahi. Mushe ya ce za a yi Burtali yadda aka saba, ba tambaya, ba amsa, wanda ya ƙara ko kalma ɗaya ya bar Madubi. Suna cikin sauke kaya a filin gasa, wajen azahar, wayar Mushe ta yi ƙara. Ya saurara, ya ce "Innalillahi" sau biyu, ya zauna a kan akwatin kaya. Bai iya duban Zulfa ba.

Ashe jiya da hantsi Yasin ya iske Danda a bakin rumbu, ya kashe shi. Bai gudu ba bayan ya gama, ya fito ya nufi rijiya yana wanke hannu. A nan mutanen gari suka cim mashi, suka kashe shi, kafin jandarma su iso.

Madubi ba ta yi wasa a Mayahi ba. Zulfa ba ta ma tsaya jin yadda aka ƙare ba, ta tari moto, ta ce Korgom, ko nawa ne.

Rana ta yi sanyi lokacin da ta isa. Motar jandarma na tsaye a bakin Tudun Gawo, gari kamar an share. Rugar kuwa babu ita. An tuge bukkoki, sai da'irar toka da kashin shanu. Tun asuba dangi suka kora dabbobi suka yi arewa, don ba wanda ya san abin da dare zai kawo. Inna Maryamu ce ta ƙi bin su sai an sa ɗanta a ƙasa, kuma an riga an sa shi. Wani tsoho da aka bar mata, Baffa, na zaune can nesa a gindin gawo, ko tsayuwa da ƙyar yake yi.

Tana tsaye kusa da jaki. Ta naɗe tabarmi da sandunan bukka, ta ɗaure ƙore cikin raga, ga buhun gero guda a ƙasa. Ta kama kunnen buhun ta ja, ya ɗaga kaɗan, ya koma. Ta sake ja.

Zulfa ta zube a gabanta. Duk maganar da ta tsara a hanya ta gudu. "Inna," kawai take cewa, "Inna, ki tsine mini. Don Allah ki tsine mini, ko na ji sauƙi."

Tsohuwar ta dube ta. Idonta a bushe, ba fushi a ciki, ba komai.

"Ni na gaya miki," ta ce. "Da na haɗiye abina, da yanzu yana kiwo."

"A'a, Inna, ni ce, bakina ne..."

"Tashi, ɗiyata. Rana na faɗuwa, kuma da nisa." Ta nuna buhun da haɓa. "Kama mini wancan gefen. Babu wanda zai kama."

Zulfa ta tashi ta kama. Suka ɗaga tare, suka ɗora wa jakin, tsohuwar ta ja igiya ta ɗaure da kanta. Ta je ta tada Baffa, ta ba shi sandarshi. Zulfa ta biyo su taku uku.

"Koma," in ji Inna Maryamu, ba ta waiwayo ba. "Ba ni da sauran abin da zan ba ki."